Mu Karɓa, Mu Gode, Mu Koma Fage: Darasi a Kan Amsa-amo, Kari da Maimaitawa



Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake karɓar abin da lokaci ya kawo. Ka ce masa "yaya sanyi?" ya ce maka "lokacinsa ne." Ka ce "yaya ruwa?" ko da daren jiya ya kayar masa da katanga, zai ce "ya yi gyara." Ka je gaisuwar mutuwa ka ce "yaya haƙuri?" a amsa maka "da godiya." Wannan hali bai tsaya a gaisuwa ba, ya shiga waƙoƙinmu na baka da rubutattu. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ma sunan da ya raɗa wa doguwar waƙarsa shi ne Imfiraji, kalmar Larabci mai nufin yayewar ƙunci.

To amma yawancinmu in aka ba mu irin wannan waƙa aka ce mu yi sharhi, jigo kawai muke farauta. Mu rubuta "waƙar tana koyar da haƙuri," mu ajiye biro. In dai saƙon ke nan kaɗai, ai layi guda ya isa, ba sai an wahalar da kai da baitoci ba. Abin da nake so mu gani a wannan darasi shi ne, a waƙar da ke magana kan karɓar abin da rayuwa ta kawo, ginin waƙar da kansa yana koyar da darasin. Amsa-amo, kari da maimaitawa su ne ke sa kunne da numfashi su yarda da abin da baki ke faɗa.

Ni ɗalibin fasahar gine-gine ne a ajin ƙarshe, saboda haka kada ku yi mamaki in kun ji bulo da igiya sun shigo zancen. Na tsara baitoci huɗu musamman don wannan darasi, domin mu samu abin feɗewa. Cikakkiyar waƙa takan buɗe da ambaton Allah da salati ta kuma rufe da su, amma a nan tsakiyar kawai na kawo saboda ƙarancin fili. Ku karanta da murya, ba da ido kaɗai ba.

Akan sha ruwa, can akan sha fari,
Manomi yana nan yana yin shiri,
Da yunwa da ƙoshi da sauran iri,
Mu karɓa, mu gode, mu koma fage.

A ran jarrabawa akwai damuwa,
A allo akwai ci, akwai faɗuwa,
Takarda guda ce cikin rayuwa,
Mu karɓa, mu gode, mu koma fage.

Gidan nan makoki, gidan can biki,
Hawaye da guɗa sukan bar jiki,
Riƙon duniya ai akwai ran saki,
Mu karɓa, mu gode, mu koma fage.

Zaman namu ya kai, muna godiya,
Kujera da allo suna lafiya,
Da daɗi da ɗaci abin duniya,
Ku karɓa, ku gode, ku koma fage.

Kafin mu shiga, ga kalmomin aiki. Kowane layi sunansa ɗango. Ɗangogin da aka haɗa wuri guda su ne baiti. Waƙar da kowane baitinta ke da ɗango huɗu, kamar wannan, ita ce 'yar ƙwar huɗu. Akwai 'yar ƙwar biyu, da uku, da biyar. Wanda ke son ya zurfafa a irin wannan nazari, littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo mai suna Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa shi ne ƙofar da ɗaliban Hausa suka saba shiga.

Amsa-amo: abin da ke canzawa da abin da ke dawowa

Amsa-amo shi ne dacewar sautin gaɓar ƙarshe ta ɗangogi. Iri biyu ne. Akwai ƙaramin amsa-amo, wanda ake ce wa na ciki, shi ne wanda ɗangogin farko na baiti ke tarayya a kansa. Akwai kuma babban amsa-amo, na waje, wanda ke zuwa a ɗangon ƙarshe na kowane baiti, ba ya canzawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wanda ya taɓa jin ana rera Burda ta Imam Busiri ya san yadda sauti guda ke riƙe doguwar waƙa: a kan "mi" take sauka tun daga farko har ƙarshe. Haka Sa'adu Zungur ya riƙe "ya" a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya.

A tamu waƙar, ƙaramin amsa-amo ya canza sau huɗu: "ri" a baiti na 1, "wa" a na 2, "ki" a na 3, "ya" a na 4. Babban amsa-amo kuwa guda ne, "ge".

Yanzu ku lura da abin da wannan tsari ke yi wa kunne. Duk lokacin da aka shiga sabon baiti, mai sauraro bai san da wane sauti za a zo masa ba. Kamar wayewar gari ne, ba ka san me ranar ta ƙunsa ba. Ɗango na farko ya kawo sautin, na biyu ya tabbatar da shi, na uku ya sa ka saba da shi. Kana sabawa sai a ɗauke shi, ba zai sake dawowa ba. Amma a daidai wurin da aka ɗauke shi, sai ga tsohon sautin nan da ka sani, "ge", yana jiranka. Ashe tun kafin ka tsaya nazarin ma'ana, kunnenka ya riga ya koyi abu biyu: abin da ya zo zai wuce, kuma akwai wurin komawa.

Aiki na biyu da amsa-amo ke yi shi ne ƙulla zumunci tsakanin kalmomin da ba su saba zama tare ba. Dubi baiti na 2: damuwa, faɗuwa, rayuwa. Ukun nan ba a "wa" kaɗai suka dace ba, har da "u" da ke gabanta, kuma tsawonsu ɗaya. Wanda ya je allon sanarwa ya ga kariyoba a gaban lambarsa, a ransa faɗuwa kishiyar rayuwa ce. Amsa-amo sai ya jera su a sahu guda, ya sa rayuwa a ƙarshe, ta zama ita ce ta haɗiye sauran biyun. Da za a juya jerin a rufe da faɗuwa, kalmomin ba su canza ba, amma baitin ya koma kuka.

Haka a baiti na 3: biki, jiki, saki. An fara da taro, an ƙare da sakin hannu. A baiti na 1 kuwa an fara da fari, an ƙare da iri. Manomin da ya san kansa, ko yunwa ta kai ina, yana ƙoƙarin kada ya taɓa irin shuka. Sauti guda ya haɗa masifar da maganinta.

Akwai wani ƙarin sirri da Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya jawo hankalin manazarta a kansa, wato amsa-amon karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Furta fari, shiri, iri a hankali, za ka ji dukansu murya ta hau a gaɓar farko ta sauka a ta biyu. Wannan saukar ita ke sa baitin ya yi kama da ajiyar zuciya.

Kari: igiyar magini

Magini ba ya ɗora bulo da ido kawai. Sai ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane bulo ya bi ta. Kari, wanda wasu ke kira ma'aunin waƙa, shi ne igiyar. Kuma wannan kwatance ba nawa ba ne ni kaɗai. Malamin da ya tsara ilimin aruli, Halilu bin Ahmad, mutumin Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, daga tantin Larabawa ya ɗebo kalmominsa. Baiti ma'anarsa ɗaki. Ƙananan sassan da ake gina ƙafar waƙa da su ya kira su sababi da watadi, wato igiya da turke. Ya fitar da karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara guda suka zama 16. Malamanmu na ƙarni na 19 da suka yi waƙa da ajami sun ɗauki da yawa daga cikinsu, kuma Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi bayanin wannan auratayya tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa a wata maƙala a 1975.

Me ya sa awon Larabci ya zauna wa Hausa daram? Saboda harsunan biyu duka suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓar Hausa iri uku ce. Baƙi da gajeren wasali, kamar "mu" ko "da", ita ce marar nauyi, alamarta v. Baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "sha" ko "kai", mai nauyi ce. Baƙi da wasali da baƙi, kamar "nan" ko "kar", ita ma mai nauyi ce. Alamar mai nauyi ita ce –. Gaɓar ƙarshen ɗango kuwa a kan mai nauyi ake lissafa ta, domin murya na tsayawa a kanta.

Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka baƙi na launi da baƙi masu zuwa gida. Don haka mai awon waƙa da kunne yake aiki. A nan zan ninka wasali don nuna tsawonsa:

ma-noo-mii / ya-naa-nan / ya-naa-yin / shi-rii
v – – / v – – / v – – / v –

mu-kar-ɓaa / mu-goo-dee / mu-koo-maa / fa-gee
v – – / v – – / v – – / v –

Kowane yanki da na raba da sanda shi ne ƙafa. Ƙafar nan ta gajere ɗaya da dogaye biyu ita ce masu aruli ke kira fa'uulun, karin da ake ginawa da ita kuma sunansa Mutaƙarab. Gwada da tafi ko da bugun tebur: ɗan taɓawa, bugu, bugu. Duk ɗangogi 16 na waƙar a kan wannan suke, kowanne gaɓa 11, huɗu marasa nauyi, bakwai masu nauyi.

In kana son ka ji yadda kari ke karyewa, canza kalma guda. Ce "Manomi yana gona yana yin shiri." Ma'ana ba ta lalace ba, har ma ta fi fitowa. Amma harshenka zai yi tuntuɓe a "gona", domin gaɓoɓi masu nauyi uku sun haɗu a jere inda ake jiran biyu. Bulo ya fita daga igiya.

Kari har fassara yake yi. Ɗango na farko ya ce "akan sha fari." Wane fari? Na rashin ruwa, ko jam'in fara masu cinye amfanin gona? Duka biyun manomi na shan su. Amma na fara dogon wasali gare shi a farko, ƙafar ƙarshe kuwa gajere take nema. Saboda haka awo ya yanke hukunci: farin rashin ruwa ake nufi.

To, ina ruwan wannan duka da karɓar ƙaddara? Abu uku.

Na farko, kari ba ya nuna bambanci. Ɗangon makoki da biki gaɓa 11 ne, na jarrabawa 11, na ban kwana 11. Bai yi sauri don an zo wurin daɗi ba, bai ja ƙafa don an zo wurin kuka ba. Ranar da aka yi maka albishir da ranar da aka yi maka ta'aziyya duk awa 24 ce. Mai rera waƙar dole ya bi ta kan ɗaci da irin takun da ya bi ta kan daɗi, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake so ya koya.

Na biyu, dubi ƙafar ƙarshe. Sauran ƙafafu gaɓa uku ne, ita biyu ce. An yanke mata guda. Irin wannan ragi na ƙarshen ɗango yana cikin abin da masu aruli ke kira illa, kuma halal ne a Mutaƙarab. Kunne yana jiran bugu na 12, bai zo ba, sai shiru ya maye gurbinsa. A wannan gurbi mai rerawa ke jan numfashi. Kowane ɗango yana ƙarewa da ɗan rashi, kuma da wannan rashin ake samun iskar shiga na gaba.

Na uku, lura da inda sandunan awo ke faɗawa. A baitin manomi, kowace ƙafa tana ƙarewa inda kalma ta ƙare: da yunwa / da ƙoshi / da sauran / iri. Tafiya ce ta wanda hankalinsa ke kwance. Amma a baitin jarrabawa sanda tana sare kalmomi a tsakiya: a ran jar / rabawa / akwai da / muwa. Haka "faɗuwa" da "rayuwa" duk an raba su biyu. Awo bai karye ba, amma akwai ja-in-ja tsakanin kalma da ƙafa, kamar zuciyar wanda ke tsaye gaban allo yana neman lambarsa. Sai ɗango na huɗu ya zo, kowace kalma ta koma ɗakinta. Kunne yana jin wannan sassauci ko da mai shi bai taɓa jin sunan aruli ba.

Wataƙila wani ya lura cewa kalmar haƙuri ba ta fito ko sau ɗaya ba a waƙar da ke kan haƙuri. Auna ta ka gani: ha-ƙu-rii, v v –. Gajeru biyu a jere. "Mu yi haƙuri" kuwa gajeru huɗu ne kafin a kai ga dogo. Tsantsar fa'uulun ba ta da mazaunin wannan, sai an yi mata sassaucin da ake kira zihafi. Da awo ya hana a ambaci sunan abin, sai ya tilasta a nuna shi da aikatau: karɓa, gode, koma. Sau da yawa takurar kari alheri ce ga marubuci, tana hana shi kalmar da kowa ke tsammani.

Maimaitawa: kalma ɗaya, nauyi daban

Maimaitawa gadonmu ce tun kafin alƙalami. Mai daka tana maimaita waƙarta daidai da saukar taɓarya. Makaɗan baka suna da gindin waƙa da 'yan amshi ke dawowa gare shi bayan kowane ɗa. Alhaji Mamman Shata yakan zuba zance iri-iri a kan kalangu, amshi guda yana riƙe da shi. A rubutacciyar waƙa ma haka ne: Tabban Haƙiƙa, wadda ta fito daga gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunanta ma daga kalmomin da ke rufe baitocinta aka samo shi.

A waƙarmu maimaitawa hawa uku ce. Akwai ta cikin ɗango, inda ake maimaita siga a canza abin da ke cikinta: akwai ci, akwai faɗuwa, gidan nan, gidan can, da yunwa da ƙoshi, da daɗi da ɗaci. Wannan kamar sikeli ne, an ɗora kishiyoyi biyu a faranti iri ɗaya. Ba a ce "akwai ci amma akwai faɗuwa" ba. Babu "amma", domin "amma" tana fifita ɓangare guda. An ajiye su kafaɗa da kafaɗa a matsayin abubuwan da ke akwai.

Hawa na biyu shi ne "mu" sau uku a cikin amshi. Ba "na" aka ce ba. Wanda abu ya sama yakan ji kamar shi kaɗai ne a duniya, "mu" tana mayar da shi cikin jama'a. Shi ya sa ake zaman makoki, ba a barin mutum shi ɗaya.

Hawa na uku shi ne amshin kansa. A nan ne masu gaggawa ke cewa, "ai abu ɗaya ake ta faɗa." Kalmomin ne ɗaya, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Bayan baitin manomi, "mu gode" abu ne mai sauƙi, fage kuma gona ce. Bayan baitin jarrabawa, fage ya zama aji da ɗakin karatu, "mu karɓa" ta fara ɗaci ga wanda zai maimaita kwas tare da ƙannensa. Bayan baitin makoki, "mu gode" ta zama kalma mafi nauyi a waƙar, irin "da godiya" ɗin nan da mai takaba ke faɗa murya na rawa. Amshi bai motsa ba, abin da ke gabansa ne ke canza masa launi. Haka addu'ar da ka saba yi kullum take zama sabuwa ranar da ka shiga matsi.

Sannan akwai amfanin sabo. Zuwa baiti na 3 mai sauraro ya haddace amshin, bakinsa na faɗa kafin mai rerawa ya iso. Ya tashi daga ɗan kallo ya zama ɗan amshi. Ba a yi masa wa'azi ya karɓa ba, shi da kansa ya furta.

Da sabon ya kafu, sai a taɓa shi kaɗan. A baiti na ƙarshe "mu" ta koma "ku". Baƙi guda aka canza, awo yana nan, amsa-amo yana nan, amma waƙar ta juya fuska. Masu magana sun fita daga fagen, suna miƙa wa na baya. Abu na ƙarshe da ake karɓa shi ne cewa fagen ba naka ba ne, kujera da allo za su ci gaba da zama lafiya ba tare da kai ba. Da amshin bai tsaya cak sau uku ba, da wannan ɗan canji bai yi tasiri ba.

Karɓa ba kwanciya ba ce

Na san akwai mai cewa irin waɗannan waƙoƙi su ne ke sa talaka ya yi shiru a cuce shi, a ce masa ƙaddara ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an sha fakewa da haƙuri a danne haƙƙi. Amma amsar tana cikin ginin amshin. Aikatau uku ne a jere, kuma jerin yana da ma'ana. Karɓa ita ce yarda cewa abin ya faru, ka daina musu da allo. Godiya ita ce duba abin da ya rage, sauran irin nan na manomi. Na ukun shi ne komawa fage, kuma a kansa babban amsa-amo ya zauna. Kalmar da waƙar ta fi so ta bari a kunnenka ita ce fage, wurin kokawa da dambe da aiki. Da amshin ya tsaya a "mu gode", da mai sukar ya yi gaskiya.

Saboda haka wanda makinsa ya ɓace a lissafi, komawa fage a wurinsa ita ce ya ɗauki takardunsa ya bi ofis-ofis cikin ladabi har a gyara. Wanda ya faɗi da gaske, nasa fagen shi ne ya sake zama ya karanta. Mu da ke shirin fita, ga shekarar horon sanin makamar aiki tana jiranmu kafin a yi maganar babbar difloma, wani zai samu wuri da wuri, wani sai ya sha yawo da fayil a hammata. Abin da ba ya cikin amshin shi ne a shige ɗaki a rufe ƙofa, ko a nemi mantuwa a kwalbar da ba ta magani. In ka ga abokinka ya yi shiru da yawa bayan an kafe sakamako, kai ne ɗan amshinsa, je ka zauna da shi.

Aikin gida

Ga ɗan gwaji ga mai sha'awa. Na farko, auna waɗannan kalmomi ka ware waɗanda za su zauna a ƙafar fa'uulun su kaɗai: talauci, makaranta, wadata, ɗalibi, aboki, bazara, karatu. Huɗu ne za su shiga. Na biyu, tsara baiti na biyar a kan wani abu da kai ka taɓa karɓa, ɗango uku masu ƙaramin amsa-amo guda, ka rufe da amshin. Kalmomi irin su dare, rabo, rashi da hatsi za su zauna maka a ƙafar ƙarshe. Kada ka yarda da ido. Rera shi da ƙarfi, ka sa abokin ɗakinka ya buga tebur, duk inda hannunsa ya yi tuntuɓe to akwai gyara a wurin.

Na uku, in ka sake cin karo da wata waƙa, ta littafi ko ta rediyo, kafin ka tambayi me take cewa, tambayi abu uku: wane sauti ke dawowa, da wane taku take tafiya, me aka maimaita kuma a ina aka saɓa. Sau da yawa a nan za ka tarar da rabin ma'anar.

Allah ya ba masu jarrabawa sa'a, ya sa mu fita lafiya, ya ba na bayanmu juriya. Wassalam.